Rawar Hannun Mai Aski

Kofin shayin ya suɓuce daga hannun mai aski ya tarwatse a bakin ƙofa, shi ma ya bi shi ƙasa yana fizge-fizge. Maƙwabciyarsu tana shanya ta jiyo ihun matarsa, ta fito da gudu ko takalmi babu.

"Yaya, taimake ni! Yatsunsa sun ƙandare!"

Maƙwabciyar ce ta tare musu mota zuwa asibiti.

Mijinta abokin sana'arsa ne, shagonsu ɗaya, kujera biyu. Watanni ke nan yana dawo mata da labari: "Ai mutumin naku sha ya fara. Hannu na rawa kamar mazari, ga mantuwa, ga saurin fushi. Jiya saura kaɗan ya cire wa wani kunne." Haka ya gaya wa unguwa, masu zuwa aski duk suka koma kujerarsa.

"Ba giya ba ce," in ji likita bayan gwajin jini. "Sinadarin magnesiyam ne ya ƙare a jikinsa. Maganin hawan jinin da yake sha mai sa fitsari ne ya wanke shi, ga gudawar da ya daɗe yana fama da ita. In ya yi ƙasa haka, jijiyoyi su rikice, tsoka ta ɗaure, zuciya ta ɓata bugunta. Ya taɓa faɗuwa?"

Mai aski ya buɗe ido da ƙyar. "A shago. Abokina ya ce gajiya ce, kada in ta da hankalin iyali."

Matar ta juyo ta dubi maƙwabciya. Ita kuwa ta rasa inda za ta sa idonta.

An sa masa ƙarin ruwa, amma kafin la'asar zuciyar ta tsaya.

A wurin gaisuwa mijin maƙwabciyar ne a gaba, yana share ido yana cewa, "Ai ɗan'uwa na rasa." Ta jira har ya shigo gida.

"Ka ga faɗuwarsa, ka yi shiru?"

"To ni likita ne?"

"Ka taɓa ganin kwalba a hannunsa?"

Ya cire hula ya rataye. "Mutane ke tambaya, dole in ce wani abu. Kawo min abinci."

Ta ajiye masa kwanon, ta fita ta zauna jikin katanga. Daga can ɓangaren tana jin autar mamacin tana tambayar uwarta wa zai kai ta makaranta gobe.