Kocin da Bai Iya Shiru Ba

Shekara ashirin da biyu ina koya wa yara wasan jimnastik, kuma rabona da in yi alkafura da kaina tun kafin a haifi yawancinsu. Tumbina ne ya yanke wannan hukunci, ni kuma ban ɗaukaka ƙara ba. Abin da ya rage mini a sana'ar shi ne ido da murya. Idan yarinya tana juyi a kan doguwar sanda, ni nake hango lokacin da ya kamata ta saki hannu, sai in kwarara ihu: "Yanzu!" Ta saki, ta juya sau biyu a iska, ta dira a kan katifa. Da wannan kalma ɗaya na yi suna.

A cikin ɗalibaina babu kamar 'yar yayata, wadda muke kira Kyanwa saboda duk yadda aka jefa ta da ƙafa take sauka. Tun tana shekara shida take hannuna, yanzu tana sha bakwai. Da aka zaɓe ta shiga gasar ƙasashe da za a yi a garinmu, yayata ba ta yi mini barka ba. Cewa ta yi, "In ka bari ta karye, kai ma ka nemi mai ɗori."

Sai ga takarda daga ƙungiyar duniya: babu kocin da zai taka filin gasa sai mai satifiket ɗinsu, kuma katin shiga fili ɗaya tak za a ba kowace tawaga. Za su turo malama ta yi mana kwas na kwana uku.

Shugaban ƙungiyarmu bai taɓa riƙe sanda ba in ba ta girma ba, amma ya je taro a ƙasa goma sha ɗaya kan makomar wasan. Ya rubuta sunayen masu kwas da kansa: sakatare, direbansa, wasu mutane da ban taɓa gani ba, da surukinsa mai sayar da tayoyi. Ni aka sa a ƙarshe, bayan an tuna dole wani ya kawo yara da katifu.

A ɗakin taron otal aka fara. Malamar 'yar ƙaramar mace ce mai furfura, tana tafiya a miƙe kamar ta haɗiye tsinke, tafinta yana bin ta. Kafin a sha shayin safe ta haska mana doka a bango. Tafinta ya ce, "Muddin yarinya tana kan sanda, koci ba ya magana, ba ya tafi, ba ya ko ɗaga gira. In ya yi, a rage mata maki. In ya sake, a fitar da shi."

Na ɗaga hannu. "To me ya kai shi wurin?"

"Ta ce don in yarinya ta faɗo ya tare ta."

"Ai in na yi magana ba za ta faɗo ba."

Tafinta ya juya mata. Ta yi murmushi, ta yi bayani mai tsawo har da nuni da hannu. Tafinta ya dube ni ya ce, "Ta ce ka zauna."

A gida na fara gwajin shiru. Matata ta zuba mini ido na ɗan lokaci, sannan ta taɓa goshina. Da na gaya mata dalili ta ce, "Ikon Allah. Shekara ashirin ina addu'ar a samu mai rufe maka baki, ashe a jirgi za ta zo."

Jarrabawar rubutu ni na zo na ɗaya. Suruki ya zo na biyu, don kusa da ni ya zauna, kuma ya kwafe har wurin da na soke. Saura ta aiki. Ita a wurin horonmu aka yi, wani tsohon sito mai rufin kwano da fanka ɗaya mai kukan akuya. Kowa zai tsaya gefen sanda Kyanwa ta yi wasanta, malama tana kallonsa.

Suruki ya fara. Bawan Allah bai san ma inda zai kalla ba. Da ya ga ƙafafun yarinya suna wuce hancinsa sai tsoro ya sandarar da shi, ya ƙame kamar turken wuta, hannuwa a gaba don kare fuska. Malama ta gyaɗa kai. Tafinta ya ce, "Ta ce ku duba natsuwa, ku duba yadda hannuwansa suke a shirye."

Da layi ya zo kaina na cusa hankici a baki. Kyanwa ta shafa alli, ta kama sanda, ta yi juyi na farko, na biyu. Na ce wa kaina, kai dattijo ne, ka riƙe girmanka. Hali kuwa zanen dutse. "Yanzu!" ta fito da ƙarfin da ya harba hankicin har kan takalmin malama. Ta ba ni dama ta biyu. Wannan karon na danne kalmar, amma ƙafata ta buga ƙasa, kaina ya yi sama, wani gurnani ya fita ta hanci. Ba ta ma jira tafinta ba, da biro ta yi mini bayani.

Suruki aka rataya wa katin. Shugaba ya dafa kafaɗata ya ce, "Koci, ƙungiya uwa ce, ba ta yar da ɗanta. Mun tanadar maka kujera cikin 'yan kallo." Suruki kuma ya ce, "Yallaɓai, in akwai abin da ba ka gane ba a kwas ɗin, ka tambaye ni, kada ka ji nauyi."

Wulaƙancin bai dame ni kamar ɗaya abin ba. Shekara goma sha ɗaya Kyanwa ba ta taɓa sakin sanda babu muryata ba. In ta makara da ƙiftawar ido, a kan wuya za ta sauka, kuma wanda zai tare ta mutum ne da ko taya ba ya tarewa sai ta gama gangarawa. Na sake karanta dokar har na samu ƙofa: ba a hana ɗan kallo ihu ba.

Na kira ta gefe. "Zan yi miki daga cikin jama'a. Ke dai ki kasa kunne."

"Kawu, ba sai ka..."

"Na ce ki kasa kunne."

Ta sunkuyar da kai. "To, Kawu."

Ranar gasa na tarar kujerar da uwa ta tanadar wa ɗanta tana layi na talatin da biyu, bayan ginshiƙi, kusa da wasu samari masu busa ƙaho. Na gangaro ina taka ƙafafun mutane ina ba da haƙuri, har mai gadi ya tare ni a layi na goma. Daga nan na hango Suruki cikin sabbin kayan wasa da ko karin guga bai bar su ba, kati yana lilo a ƙirjinsa.

Aka kira Kyanwa. Ta kama sanda. Juyi na farko. Na biyu. Na cika huhu, na buɗe baki, sai na ga yarinya tuni tana cikin iska. "Yanzu!" ɗina ta iske ta tsaye a kan katifa, ƙafafu a haɗe, hannuwa a sama. Matar da ke gefena ta toshe kunne ta ce, "Baba, ai an gama."

Kyanwa ta zo ta uku, lambar tagulla ta farko da muka taɓa samu. A bakin ƙofar baya na tarar da Shugaba riƙe da lambar ana ɗaukarsa hoto, 'yan jarida kuma sun kewaye Suruki yana cewa, "Sirrin horo shi ne natsuwa." Kura da shan bugu, gardi da shan tafi.

Kyanwa ta zame daga cikinsu ta zo wurina, alli har a gira. Na rungume ta, sannan na tuna ni koci ne. "Kin yi gaggawa," na ce. "Allah ne ya kiyaye. Me ya hana ki jira ni?"

Ta daɗe tana murza tafin hannunta. "Kawu, kada ka yi fushi. Shekara uku ke nan ina saki kafin ka faɗa. Tun da ka ƙi sa tabarau kake makara. Da ina jiran ka, da tuni an yi ɗorin nan da Mama take faɗa."

"Sauran yaran fa?"

"Kowa da ƙidayarsa. In mun sauka sai mu ce mun ji ka."

"To me ya hana ku gaya mini?"

"Mama ce ta ce mu ƙyale ka. Wai ihun ne kawai ya rage maka."

Na nemi abin cewa na rasa. Da malama tana wurin, da a take ta miƙo mini satifiket.

Na sayi tabarau, na kuma sake rajistar kwas mai zuwa. Matata ta ce wannan karon babu abin da zai hana ni ci. An ce malamar ba za ta samu dawowa ba, don haka ƙungiya ta nemi ƙwararre na cikin gida wanda ɗalibarsa ta taɓa cin lamba. Ranar Litinin zan fara ɗaukar darasi a wurin Suruki.