Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Ni Shafi'u ne, autan Inna, ma'aikaci a Tambuwal. Da yayata Adda Hinde ta bugo ta ce Inna ta fara tambayar mutanen da suka mutu tuni, sai na zauna wata uku na haɗa mata manhaja a waya. Aikinta kaɗan ne: ta nuna tsohon hoto, ta ɗauki abin da Inna ta faɗa a kansa, ta ajiye kowane labari a ƙarƙashin sunan wanda aka ambata. Na ce wa kowa don Inna na yi. Gaskiyar ita ce labari ɗaya nake so in ji daga bakinta, na lokacin da nake yaro, kafin ya ɓace.

Na hau babur na bi ta Kebbe har Fakku, na bar wa Adda wayar. Bayan sati biyu na dawo karɓa.

Da na buɗe manhajar, sunana ya fito sau talatin da ɗaya. Na Adda Hinde ko ɗaya. Wallahi na ji daɗi, har na nuna mata. Ta leƙa, ta ci gaba da tankaɗe.

Sai da na saurara daɗin ya gudu. Shafi'u ya aiko magani. Shafi'u ya ce zai zo Jumma'a. Shafi'u bai zo ba. Mafi tsawonsu bai kai minti ɗaya ba.

A ƙasa kuwa ga wani tari na kusan awa shida, wanda manhajar ta kasa ba shi mai shi. Tambaya ɗaya take ta yi mini: wace ce "waccan"? Ni da ilimina na manta cewa Adda ce 'yar fari, kuma ko yanka Inna za a yi ba za ta kama sunanta ba. Ranar da waccan ta fara tafiya. Ranar da saniya ta kori waccan har cikin rumbu. Inna tana dariya, tana tari, tana kwaikwayon kukanta. Ban taɓa jin muryar Inna haka ba, kuma kishi ya kama ni sosai. Ni na sha wahala da ciwon ido a gaban kwamfuta, ga wadda ko buɗe wayar sai an nuna mata ta kwashe awa shida.

Na zauna bakin tabarmar Inna, na ciro hotona ina ɗan shekara uku, da ƙaton kai da riga har gwiwa.

Na ce, "Inna, wanga hwa?"

Ta kai wayar kusa da ido. "Shafi'u na."

"To ba ni labari nai."

Ta sake ƙura wa hoton ido. Na ga ƙoƙarin da take yi, na matsa kusa kamar hakan zai taimaka.

Ta ce, "Shekarar da anka haihe shi ni kwanta ciwo. Da ni tashi ni iske shi shina gudu. Goyon waccan na. Tambaye ta."

"Ke nika tambaya, Inna. Ko guda ɗai."

"Ba ni da shi, ɗan nan. Mi kaka so in yi, in ƙaga?"

Ta miƙo mini wayar.

Na fito tsakar gida raina a ɓace. Adda ta ji komai, don zana ce kawai tsakaninmu. Ta kakkaɓe garin hannunta ta ce, "Kawo nan. Ina aka dannawa?"

Na danna mata ba tare da na dube ta ba. Ta fara da yadda na ƙi kunu sai fura, da ranar da na cije ta a kafaɗa a kasuwar Kebbe, ta ja wuyan riga ta nuna wa wayar tabon. Ta faɗi makarantar da ta bari tana aji huɗu don babu mai riƙe ni, ta wuce wurin da sauri kamar ba komai ba ne. Minti arba'in ba ta tsaya ba.

Ya kamata in yi godiya. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ke komi naki na. Inna taki, labarinta naki."

Adda ta ce, "Har da kai. Danna, ban ƙare ba."