Sunan da Ma'azu bai faɗa ba

A shekarar 1983 Ma'azu ya gama karatunsa a Alƙahira, ya sami aikin fassara wasiƙu a wani kamfanin fatu a Wustul Balad, wato tsakiyar birnin. Iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta tashi daga ta ɗalibi ta koma ta ma'aikaci. Da ma ɗalibi ba ruwansa da haraji, amma mai albashi dole ya je ya bayyana kansa da iyalinsa.

Magatakardan ofishin haraji ya tambaye shi ko yana da aure, ya ce yana da shi, da Azara. Ya tambayi 'ya'ya. Ma'azu ya ce Lawali, ya ce Hauwa, sai ya yi shiru.

Uku ne fa. Amma babbar 'yar fari ce, kuma sunan mahaifiyarsa ta ci. A garinsu uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, in ana lissafi ma sai ya kau da kai wani ya cike masa. Shekara tara “ke” yake ce mata, ko “yarinyar nan”. Ma'azu, mutumin da ya haddace littattafan fiƙihu, ya zaci Bamisire zai gane kunya daga shirunsa. Magatakarda kuwa ya rubuta biyu, ya buga hatimi.

Da takardar harajin aka haɗa wajen sabunta zaman iyali. Fasfon Azara ya dawo da izinin kowa, ban da yarinyar. Aka ba su mako biyu, ko a gyara ko ta bar ƙasar.

Azara ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi masa ciwo ke nan.

“Malam, ni ma ban taɓa faɗar sunanta ba,” in ji ta. “Amma ni ba a tambaye ni ba. Wa zai karɓe ta a gida? Inna ta rasu.”

Ranar Talata ya kama hanya daga unguwarsu, Ard al-Liwa, zuwa ofishin haraji da yarinyar, tana biye da shi a baya kamar kullum. Suka yi layi tun safe har azahar. Tsoro ya kama shi sosai, don ya san shi ya jawo.

Magatakarda ya dubi takardar haihuwa, ya dubi yarinyar.

“Wannan wace ce a wurinka?”

“Ta gidanmu ce.”

“Ma'alish, yi haƙuri, ya ustaz, ba mu da gurbin ‘ta gidanmu’. Da bakinka ka ce biyu. Yanzu da bakinka za ka gyara, in rubuta, ka sa hannu. 'Yarka ce ko ba 'yarka ba ce?”

Ma'azu ya dubi mutanen da ke bayansa. Akwai Hausawa biyu a layi, sun sunkuyar da kai don su rage masa nauyi.

“'Yata ce. Ita ce ta fari.”

“Sunanta?”

“Mardiya,” ya faɗa can ƙasa.

“Ban ji ba.”

“Mardiya!”

Yarinyar ta waiga wajen ƙofa, tana neman wanda ya kira ta. Ba kowa. Sai ta juyo a hankali ta dubi ubanta, ta durƙusa a kan daɓen ofishin.

“Na'am, Baba,” in ji ta.