Kwalbar Sukarin Inna

Da Inna ta rasu ba ta bar gona ba, ba ta bar gwal ba, leda ta bari. Autarta, wadda unguwa ke kira Tela, ita ta share ɗakin, kuma duk inda ta kai hannu sai ta ci karo da leda: ƙarƙashin katifa, bayan ƙofa, cikin tsohuwar tukunya. Kowacce Inna ta yi mata irin ninkinta, kusurwa uku, ta cusa bakin a ciki. In an yi mata tsiya sai ta ce, "Wata rana za ta yi amfani." Ranar ba ta zo ba har ta koma ga Mahaliccinta. Tela ta cika buhu-buhu tana kuka tana mita, ta rantse leda ba za ta ƙara kwana a gidanta ba.

Kwalaben tsohuwar kuwa ta kwaso su, da su take zuwa wani shago a bayan tashar mota inda ba a ƙunsa wa kowa kaya a leda. Shinkafa, wake, gishiri, sukari, har sabulun ruwa, komai yana cikin buhu ko duro, kai za ka zo da mazubinka. Mai shagon dattijo ne da ba ya son yawan magana, ana ce masa Mai Sikeli. Ƙa'idarsa ɗaya ce, mazubi ya zo a wanke, a bushe. Zai ɗora shi a sikeli ba komai a ciki, ya ga nauyinsa, ya mayar da allura sifili, sannan ya zuba.

Duk kwalaben Tela ta wanke, ban da ɗaya, ta sukari mai koren murfi. In ta buɗe ta, ƙamshin hannun Inna ne ke tasowa, man shafawarta da ganyen shayi. Takan shaƙa sau ɗaya ta yi maza ta rufe, don kada ya ƙare.

Tela tana da 'ya guda, yarinya ce da ba ta daɗe da shiga makaranta ba. Tsuntsuwa ake ce mata saboda ƙarancin cinta, amma tun rasuwar kakarta ko cin tsuntsun ta daina. An yi lallashi, an yi faɗa, an je asibiti an dawo. Wuyanta ya zama kamar zare. Wata safiya ta ture kofin shayi ta ce, "Mama, ni sai da sukarin kwalbar Kaka." Tela ba ta tsaya sauya zane ba, ta suri kwalbar ta jefa a jakar sauran kwalabenta sai shago.

Mai Sikeli ya ɗora ta. Allura ta tafi, ta tafi, ta wuce inda ya kamata ta tsaya. Ya ɗaga kwalbar ya duba ta a hasken ƙofa, babu ko ƙwayar sukari. Ya ɗauko wata irinta sak daga kan kantar shagon ya gwada, allura da ƙyar ta motsa. Ya mayar da ta Inna. Allura ta sake tafiya, kuma wannan karon ba ta tsaya cak ba, tana ɗan hawa tana ɗan sauka kamar ƙirjin mai barci.

"'Yata, wannan da kaya a ciki," in ji shi.

"Haba Baba, wane kaya? Sikelinka ne ya tsufa."

"Ni na girme shi, kuma ban fara ƙarya ba tukuna. Ba na zuba kaya a kan kaya. Je ki wanke ta, ki bar ta a rana baki buɗe, sai ki kawo."

Ran Tela ya ɓaci. Wanke kwalbar nan daidai yake da sake binne uwarta, ga kuma yarinya a gida tana ƙarewa. Ta miƙa masa wata kwalbar ya cika mata da sukari. Tana isa gida ta juye shi kaf a cikin mai koren murfi. Wa ya gani?

Tsuntsuwa ta shanye shayin, ta nemi ƙari. Da rana ta ci shinkafa har da suɗe kwano. Kafin sati ya zagayo kumatu sun fara dawowa, Tela kamar ta zuba ruwa a ƙasa ta sha don murna. In ta tuna da Mai Sikeli sai ta yi tsaki, tsoho da camfi sai Allah.

Ranar da take kakkaɓe shimfiɗar yarinyar ne wani abu ya faɗo daga cikin rigar matashin kai. Leda ce baƙa, an ninke ta kusurwa uku, an cusa bakin a ciki. Ta ce wa ranta cikin na Inna ne ta maƙale. Washegari ta tsinci biyu a aljihun rigar makaranta, da ƙasar titi a jikinsu.

"Wa ya koya miki wannan ninkin?"

Yarinyar ta dube ta, duban da ya fi shekarunta. "Wata rana za ta yi amfani."

Tela ta san mai wannan magana. Daga nan ta sa ido, kuma abin da ta gani bai yi mata daɗi ba. Tsuntsuwa ta daina fita wasa. In za ta tashi daga tabarma sai ta dafa gwiwa ta yi nishi. In Tela na kan keke tana ɗinki, sai ta zo ta tsaya a kanta ta ce kalmasar nan ta karkace. 'Yar tsanarta ta kwana a tsakar gida ruwa ya jiƙe ta, ko kallonta ba ta yi ba. Abin da ya fi ci wa Tela rai, ta nemi ranar ƙarshe da aka kira ta Mama ta rasa.

Tsoro ya shige ta sosai. Uwa dai ta riga ta rasa, ta kuma yi haƙuri iyakar iyawarta. 'Yar ce ba za ta iya rasawa ba. Ta zazzage guntun sukarin da ya rage a magudana, ta kai kwalbar hanci don bankwana, sai ta ji ba ƙamshin komai. Duk da haka ta wanke ta da ruwan zafi da sabulu, hawaye na ɗiga a kumfa, ta bar ta a rana baki buɗe har ta bushe ƙayau. Da la'asar ta kama hannun yarinyar suka tafi shago.

Mai Sikeli ya ɗora kwalbar. Allura ta ɗan motsa ta tsaya cak, daidai da 'yar'uwarta ta kan kanta.

Tela ta sauke ajiyar zuciya. "Alhamdulillahi. Ka gani, Baba, na bi maganarka."

Bai yi murmushi ba. Ya juya kwalbar a hannunsa. "Kin ci daga cikinta kafin ki wanke?"

"Ni ban ci ba."

"Da kika zo wankewa, da sauran nauyi?"

Ta tuna yadda kwalbar ta zo hannunta sakayau, tun kafin ruwa ya taɓa ta.

"Na tsufa a sana'ar nan," in ji shi a hankali, "ban taɓa ganin kaya ya ɓace ba. In mazubi ya yi sauƙi, an juye ne a wani."

A bayanta ta ji ƙarar leda. A shagon da leda ba ta shiga, ƙarar ta fito sarai. Ta juya. Yarinyar na zaune a kan buhun wake, ta miƙe ƙafa ɗaya irin ta mai ciwon gwiwa. Iska ce ta koro wata leda daga titi, ta kama ta, tana lallatse ta a cinya, tana ninkewa ba tare da ta kalli hannunta ba.

"Ƙyallena," ta ce, "ki ce ya cika ta sosai, kin san ba na son shayi salam."

Ƙyalle. Sunan da Inna ta laƙaba wa Tela tun tana ƙarama tana tsince-tsincen ƙyallaye a shagon ɗinki. Inna ba ta taɓa faɗinsa a gaban kowa ba, ko a gaban jikarta.

"Tsuntsuwa," Tela ta kira.

Yarinyar ta ci gaba da ninki.

"Tsuntsuwa! Tashi mu tafi gida!"

Ko gezau. Ta cusa bakin ledar a ciki, ta danna shi da babban yatsa.

Tela ta matsa kusa da ita. Ta san abin da bai kamata ta faɗa ba, ta san in ta faɗa shi ke nan. Amma wata nawa tana marmarin kiran sunan nan a amsa mata. Ya kuɓuce daga bakinta ƙasa-ƙasa.

"Inna?"

Yarinyar ta ɗago kai.

"Na'am," ta ce.