Jan Allo a Kan Jiragen Wara

Khaulat 'yar Yelwa ce, injiniyar kwamfuta. Wata takwas ta kwashe tana gina manhajar da za ta riƙa ba kwamandan soja shawara kan inda 'yan bindiga ke tsallaka tafkin Kainji. Kawunta Sahabi, masunci a Wara, shi ya zagaya da ita cikin jirginsa yana nuna mata mashigai da wuraren da ciyawa ke toshe hanya. Ta tsara manhajar ta yadda in ba ta tabbatar da abu ba, za ta ce a aika a dubo.

Ranar gwaji Kanar, kwamandan sojan, ya ture kwamfutar gefe.

"Malama, minti biyu nake da shi. Ja in su ne, kore in ba su ba ne nake so, ba dogon bayani ba."

"Ranka ya daɗe, wani lokaci ba ta sani ba. Gara ta faɗa."

Injiniya Tanko, shugaban kamfaninsu, ya harare ta. Da suka fito ya ce, "Ki cire zancen a aika a dubon nan. In kin ƙi, akwai mai cirewa."

Ta cire da hannunta.

Bayan sati shida, da hantsi, jirage goma sha ɗaya suka taru bayan wani tsibiri inda ba a saba kamun kifi ba. Allon Kanar ya yi ja. Sojoji suka buɗe wuta tun daga nesa. Sai da suka matso suka ga masunta ne, suna neman gawar wata mata da ruwa ya ci. Mutum biyu suka mutu. Sahabi na cikin waɗanda harsashi ya samu, aka yanke masa hannun dama a asibiti.

Rahoto ya fito shafi ɗaya: kuskuren na'ura. Babu sunan Kanar, babu na Tanko, babu nata.

Da Khaulat ta je duba shi, ta iske Inna, mahaifiyarta, tana ba Kawu Sahabi kunu da cokali. Ya dubi Khaulat ya ce, "Ɗiyata, ke da kike cikinsu, ki gaya musu ba mu yi komai ba."

Ta buɗe baki, wayarta ta yi ƙara. Tanko ne, muryarsa fal murna.

"An ba mu aikin gyara manhajar, har da yankin Shanga an ƙara mana. Litinin ki fito da wuri."

"Wa ke nan?" in ji Inna.

"Ofis ne."

Khaulat ta karɓi cokalin, amma Kawu ya riga ya juya fuskarsa bango, ya ce ya ƙoshi.