Takardun Jaji a Mashigin Gulbi

Shekarar da aka yi yaƙin Satiru, sojojin Nasara sun cika hanyoyi, suna kama duk wanda suka gani da rubutu. Inna Bara'atu ita ce jaji a Rara, mai kai 'yan mata karatu Wurno kowane rani. Wannan karon iyaye suka hana. Gajere makiyayi kaɗai ya kawo ɗiyarsa Hassana, sai Kulu, jikar jajin.

Da hantsi suka isa mashigin gulbi. Sojoji huɗu na zaune ƙarƙashin tsamiya. Sajansu ya miƙe, ya zazzage gafakar tsohuwar. Takardu suka zubo.

"Wasiƙar masu tawaye ce?"

"Karatun mata na, ɗana," in ji Bara'atu. "Da Fillanci anka rubuta shi."

Saje ya jujjuya takarda, bai gane komai ba. "Ke yi shiru, za ki iya shirya ƙarya." Ya nuna Hassana da bakin bindiga. "Ke, karanta. Lauwali, kana jin Fillanci, saurara," ya ce da ɗaya daga cikin sojojin.

Wata biyar ke nan da Hassana ta fara haɗa baƙi. Ta karanta layin farko, ta maƙale a na biyu. Kulu ta fashe da kuka.

"Mi kika tsoro?" Bara'atu ta faɗa wa Hassana a hankali. "Koma farko."

Saje ya daka wa tsohuwar tsawa. Hassana ta sake ɗauka, baƙi bayan baƙi, har ƙarshen shafi.

Kowa na kallon bakin Lauwali.

"Alwala ce, Saje, da yadda ake jinyar maras lafiya."

Saje ya yi tsaki. Ya tattara takardun ya cusa a aljihu, ya ce Bature zai duba. Bara'atu ta roƙe shi ya bar mata ko shafi ɗaya, ya ƙi.

Suka tsallaka, ruwa iya gwiwa. A can gaɓar tsohuwar ta zauna kan yashi.

"Inna, mu koma gida?" Kulu ta tambaya.

"Wurno ta fi kusa."

Da la'asar suka shiga gari. Malamar da ke karantar da su ta aiko da fura, sannan ta sa aka jiƙa tawada. Bara'atu na faɗin karatun da aka ƙwace da ka, ana rubutawa. Kwana tara suka yi kafin su gama.