Gaiwa a Ƙirjin Lukman

Da na san abin da maganata za ta jawo, da na kama bakina ranar da Lukman ya ce ya warke.

Lukman ɗana ne na biyu. Tarin fuka ya kama shi bayan ya yi shekara biyu yana shiga ramin zinariya a dajin Maradun. A asibitin Talata Mafara aka ɗora shi kan magani, aka ce wata shida ba fashi. Wata biyu kacal tari ya tsaya, kumatu suka dawo, yana tashi da malmalar tuwo uku. Ga shinkafarmu a fadamar Bakura ta isa yanka, maganin kuma yana sa shi kasala. Da ya nemi shawarata sai na ce, "Mai lafiya ba ya shan magani. Ajiye shi." Ni na faɗa, ba wani ba.

Bayan kwana goma sha tara yayarsa Ummu Hani ta zo daga Sakkwato, inda take karatun bincike a kan ƙwayar wannan cutar. Ta same mu a zaure, ni da shi da yayana Gajere, muna liƙe bakin duron wake. Ta durƙusa ta gaishe mu, ta shige ciki. Ba a jima ba ta fito riƙe da ledar magani.

"Lukman, wannan ajiyar ta wa ce? Gado za ka bar wa jikokinka?"

Ya sunkuyar da kai, bai tona ni ba. Kunya ta kama ni, na ce, "Ni na sa shi."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Baba, ƙwayar cutar ba ta ƙare ba. Jiki yana gina mata katanga a cikin huhu, iska ta yi ƙaranci a wurin, sai ta daina yaɗuwa."

Gajere ya bushe da dariya, ya bugi duron. "To likitar kwalba, ai kin yanke wa kanki hukunci! Shekara talatin muna rufe wake, ƙwaro ya rasa iska ya mutu. Mi ya rage?"

Ni ma abin da ke raina ke nan.

"Baffa, ƙwaron wake wawa ne," in ji ta. "Wannan gaiwa ce. Ba kai ka nuna mini yadda ake tono ta a busasshen taɓo ba?"

Gajere ya daina dariya. Duk garinmu ba wanda ya kai shi sanin gaiwa, kifin da ke naɗe kansa cikin laka in ruwa ya janye, ya kwana rani ba ci ba motsi.

"In ka jefa mata ƙugiya a lokacin, za ta kama?"

"Mai barci ina zai ga ƙugiya?"

"To haka maganin yake. Ya fi kama wadda ke ci tana haihuwa. Mai barcin sai an daɗe ana bin ta, shi ya sa aka ce wata shida. A wurin aikinmu muna rufe ta a kwalba har iska ta ƙare, ta yi lamo. Ranar da aka buɗe sai ta tashi. In kuma ana sha ana bari, wadda ta tsira tana iya haifar waɗanda ba su jin maganin."

Gajere ya juyo gare ni. "Isma'ila, wannan ɗiya ta wuce mu. Tashi ka ɗauko babur."

Ni da na tsaya a aji shida, ban taɓa jin kaina ya yi girma irin na ranar ba.

A asibiti ita ta yi bayani, ma'aikacin ya ajiye biro yana sauraronta. Ta faɗi kwanakin da aka yi fashi, ba ta faɗi wanda ya sa ba. Suka karɓi majinar Lukman don a gwada. Yankan shinkafa kuwa ni da Gajere muka ƙarasa.

Na tambaye ta mene ne ke tashin ƙwayar daga barci a jikin mutum. Ta ce malamansu ma ba su gama sani ba, kuma a kan haka take aiki. Sakamakon gwajin bai fito ba tukuna. Har yau ba mu sani ba ko abin da ke ƙirjin Lukman yana jin magani.